Horon Lauya a Hague da Jeniba: To, Wa Zai Biya Kuɗin Haya?

Ranar da saƙon ya shigo wayata ina cikin bas a kan Oxford Road, zan koma gida Cheetham Hill. Wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ke Jeniba ta ɗauke ni horon sanin makamar aiki na wata shida a sashenta na shari'a. Wallahi saura kaɗan in yi guɗa a cikin bas ɗin! Da na kai layin ƙarshe sai murna ta koma ciki: babu albashi, babu kuɗin haya, babu na jirgi.

Da na nuna wa Baba, sai da ya gyara tabarau sannan ya ce, "To 'yar Baba, aikin da ba a biya, aiki ne ko bauta?" Ita kuwa Umma tambayarta ɗaya ce: "Wa kika sani a can?" Ƙarshen mako na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham wajen Yaya, ɗiyar ƙanwar Umma, wadda ta riga ni karatun lauya. Muka baje takarda a falonta a Small Heath, muka yi lissafi gaba da baya, amma abin da na tara daga aikin kanti bai kai ko'ina ba. Haka na rubuta musu na ce ba zan samu zuwa ba. Na yi kuka kam, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya na zauna na yi binciken da ya kamata in fara yi, shi ne na ce bari in kawo muku.

Kotuna biyu ne a Hague mutane ke yawan rikitawa. Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana raba gardama tsakanin ƙasashe. Ita ce ta ba Kamaru yankin Bakassi ranar 10 ga Oktoba 2002, ita ce kuma a 2005 ta ba Nijar tsibirin Lete a shari'arta da Benin. Ɗan Najeriya, Taslim Elias, ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985. Tana ɗaukar matasan da suka gama karatun lauya su yi kimanin wata goma tare da alƙalai, sai dai fa ba kai tsaye ake nema ba. Jami'arka ce za ta miƙa sunanka, ita ce kuma za ta ɗauki nauyinka. Saboda haka matakin farko shi ne ka ƙwanƙwasa ƙofar malaminka na dokar ƙasa da ƙasa.

Ta biyun ita ce ICC, mai hukunta mutanen da suka aikata manyan laifuka, wadda ta fara aiki a 2002. Wani ɗan Najeriyar, Chile Eboe-Osuji, ya shugabance ta daga 2018 zuwa 2021. Nan da kanka kake nema, horon wata uku ne zuwa shida, kuma galibi ba biya.

Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya ma haka take. Tana karɓar ɗaliban shekarar ƙarshe da waɗanda suka gama, ta shafin Inspira, amma ba ta biya. A 2015 wani matashi ɗan New Zealand, David Hyde, ya riƙa kwana a tanti a Jeniba yana horo a can. Daga baya ya ce da gangan ya yi don duniya ta gani, kuma ta gani ɗin. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da hukumar 'yan gudun hijira, UNHCR, suna ba da alawus, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fara bayarwa a 2020. Da na san haka, ai can zan fara nufa.

Sai batun fasfo. Tun da Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a 2020, kwana 90 cikin 180 kawai muke da su a yankin Schengen a matsayin baƙi. Wata shida ya wuce haka, don haka ka tambayi ƙungiyar tun da wuri wace takardar zama za ta nema maka. Ka kuma leƙa ofishin jami'arka ka tambayi tallafin Turing, wanda aka fara a 2021 don masu fita karatu ko horo waje.

Ga masu shirin zama lauya a nan Ingila ta hanyar jarrabawar SQE, ana buƙatar shekara biyu ta gogewar aiki, a wurare har huɗu. Aikin da ka yi a waje zai iya shiga lissafi idan aikin shari'a ne kuma lauya mai rajista a Ingila da Wales ya tabbatar da shi. Ka nemi wanda zai sa maka hannu kafin ka tafi.

Abin da ya fi taɓa ni a duk binciken nan shi ne labarin Hadijatou Mani ta Nijar. An sayar da ita tana shekara 12. Ranar 27 ga Oktoba 2008 Kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Ƙungiyar Timidria ta Nijar da Anti-Slavery International ta Landan suna cikin waɗanda suka tsaya mata. Irin wannan aikin yana buƙatar wanda ya san doka kuma yake jin harshen mutanen. Mu nan muna da Turanci, muna da Hausar da Umma ta matsa mana sai mun koya. Faransanci ne ya rage, don da shi da Turanci kotunan Hague ke aiki. 'Yan'uwanmu da iyayensu suka fito daga Maradi ko Damagaram, ku riƙe Faransancinku da kyau!

Yanzu ina aikin sa-kai rana ɗaya a mako wajen masu taimaka wa baƙin haure da shawarar shari'a, ina ajin Faransanci da yamma, kuma na sake cike takardu, wannan karon inda ake ba da alawus. Yaya ta kawo shawarar da nake so iyayenmu na Manchester da Birmingham su duba: yadda ake adashi don biki da suna, a yi asusu don ɗalibi ɗaya a shekara. Baba ya ce in an fara, a rubuta sunansa a farko.

Allah Ya ba mu sa'a, amin.