Ru'uya da Hisabi: Me Ya Sa Ranar Sallah Ke Bambanta?

Duk ƙarshen azumi sai an ji kalmomin nan biyu a rediyo. Ru'uya ita ce ganin jinjirin wata da ido, kamar yadda hadisi ya umarta a ɗauki azumi kuma a ajiye shi da ganinsa. Amintattun shaidu ke kai labari, hukuma ta tantance. A Nijar Majalisar Musulunci ke da wannan aiki, a Najeriya kuwa Sarkin Musulmi da ke Sakkwato.

Hisabi shi ne lissafin masana falaki. Wata na sabuntawa cikin kimanin kwana 29 da rabi, kuma ana iya sanin daƙiƙar haihuwarsa tun shekaru kafin ta zo. Turkiyya da lissafi take tsara kalandarta.

Rigimar na tasowa ne idan shaida da lissafi suka saɓa. Ranar 8 ga Afrilu 2024 an haifi watan Shawwal wajen ƙarfe 7:21 na yamma agogon Nijar, bayan rana ta faɗi a garin Gaya na Nijar, don haka masana suka ce ganinsa ba zai yiwu ba. Duk da haka Nijar ta yi Sallah washegari Talata, Najeriya sai Laraba.

Mutanen iyaka ne suka fi jin abin a jikinsu. Ɗan Gaya na cin tuwon Sallah, ɗan'uwansa na Kamba a jihar Kebbi yana azumi. Wasu malamai sun zaɓi tsaka-tsaki: a riƙe gani da ido, amma a ƙi shaidar da lissafi ya tabbatar ba za ta yiwu ba.