MINTI BIYU A KAN HAƘURI, KUMA DA TURANCI

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, saboda haka mai ɗokin jin yadda aka ƙare tsakanin wance da wane, sai ta yi haƙuri zuwa fitowa ta gaba. To kun ji, tun ban je ko'ina ba har kalmar ta fito daga bakina. A kanta kuwa za mu yi hira.

Don Allah akwai kalmar da 'ya mace take ji a ƙasar Hausa kamar haƙuri? Yayanki ya make ki, a ce yi haƙuri, babba ne. An sayo wa ƙanwarki atamfa ba a sayo miki ba, yi haƙuri. Ranar da za a kai ki ɗakin miji kuwa, gwaggo da inna kowacce sai ta ja kunnenki da shi har ki haddace. Mu marubuta ma ba mu da jari kamarsa, in aka cire haƙuri daga littattafanmu rabin shafukan sun tafi. Kuma duk inda aka ce wance mai haƙuri ce, abin da ake nufi shi ne ba ta magana, a cuce ta ta haɗiye, a tambaye ta ta sunkuyar da kai. To sai ga shi akwai wata jarrabawar Turanci a duniyar nan da za a iya miƙo miki kati a ce ki ba da labarin wani lokaci da kika yi haƙuri, ki yi ta zuba har minti biyu, shirun da aka yaba miki da shi a gida kuwa shi ne zai kayar da ke.

Sunan jarrabawar IELTS. An fara ta a 1989, kuma British Council da IDP ta ƙasar Ostareliya da jami'ar Cambridge su ne masu ita. Jami'o'in Ingila da Kanada da Ostareliya da wasu hukumomin aiki suna neman sakamakonta kafin su karɓi wanda ya fito daga irin ƙasashenmu. Kashi huɗu ce, akwai sauraro da karatu da rubutu da magana, ana ba da maki daga 0 zuwa 9, kuma yawancin masu karɓar sakamakon shekara biyu suke amincewa da shi. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Ingila tana son 7 a magana da sauraro da karatu, rubutu ne kawai ta sassauta zuwa 6.5 a ƙarshen 2018.

Na san wata za ta ce ai mun yi jarrabawar baka a WAEC. Haba ƙawata! Waccan da muke cike da fensir? Tambayoyi 60 a takarda, ki zaɓi kalmar da sautinta ya yi daidai da wata, ki tashi ba ki buɗe baki ba. Yarinya sai ta ci ta da kyau alhali ba ta taɓa yin hirar minti ɗaya da Turanci ba. Wannan kuwa ke da mai jarrabawa ne, ga na'ura tana ɗaukar muryarki, minti 11 zuwa 14. Da farko za a yi miki tambayoyi a kan gida da karatu da aiki. Daga nan a ba ki kati da takarda da fensir, a ba ki minti ɗaya ki shirya, sannan ki yi magana ke kaɗai har zuwa minti biyu. A ƙarshe a yi minti huɗu zuwa biyar ana tattaunawa a kan abin da katin ya taɓo. Ba mai sanin katin da zai faɗo masa, amma a cikin tambayoyin gwaji da malamai suke bai wa ɗalibai, da wuya a rasa na haƙuri ko na jira.

Ni dai a sakandare karatuna ya tsaya, abin da ya haɗa ni da wannan magana ƙanwata ce mai bi mini. Ta gama makarantar koyon aikin jinya, tana son ta nemi aiki a waje, kuɗin jarrabawar kuwa sai da Umma ta kwashi adashenta sannan suka cika. In ba a samu makin ba sai an sake biyan wasu. Ga kuma wanda ya kawo kuɗin gaisuwa, an ce masa ya dakata sai an ga yadda ta kaya, shi ma yana can yana nasa haƙurin. Shi ya sa kullum bayan sallar isha'i nake zama mai jarrabawa, in riƙe waya ina duba lokaci, ita kuma ta zauna a bakin gado tana amsawa.

Daren da na karanta mata katin haƙuri sai ta yi murmushi ta ce, "Yaya, wannan ai ta kwana gidan sauƙi." Na ce to bisimilla. Ta ɗauko labarin zaman Umma da abokiyar zamanta, shekara ashirin da ɗoriya. Ta yi jimla uku, ta tsaya. Ta sake ɗaukowa, muryarta ta fara rawa, kafin ka ce kwabo idonta ya ciko. Na duba waya, daƙiƙa arba'in ke nan.

Ba Turanci ne ya ƙare mata ba, labarin ne ya fi ƙarfin minti biyu, kuma ya fi ƙarfin kalmar. Ku duba yadda haƙurinmu yake da faɗi. In na taka ki na ce yi haƙuri, Bature sorry zai ce. In aka yi rasuwa muka ce sai haƙuri, shi ta'aziyya yake yi da wasu kalmomi daban. In almajiri ya yi bara muka ce a yi haƙuri, babu muke nufi. In kuwa budurwa ta ce na haƙura da shi, to ta bar saurayin ke nan har abada, wato give up, wanda kusan kishiyar patience ne a wurinsu. Wanda ake yi wa amarya huɗuba da shi, na zama da abin da ba ka so, ya fi kusa da endure ko put up with. Shi patience na Bature ɗan ƙarami ne a kan namu, yawanci jira ne ba tare da tsaki ba, ko bin mutum a hankali ba tare da ka fusata ba. Mun haɗa kaya biyar a ƙullin zane ɗaya, su kuwa kowanne da mazubinsa, kuma yalwar kalmomi tana cikin abubuwa huɗu da ake bai wa maki. Sauran ukun su ne zubar magana a jere ba tangarɗa, nahawu, da lafazi, kuma nauyinsu ɗaya.

Saboda haka ki ajiye babban haƙurin a gida, ki nemi ƙarami mai kai da gindi. Wanda ya faru rana ɗaya ko wata ɗaya, wanda kika san inda aka yi da wanda ke wurin da yadda kika ji a ranki, domin irin abin da katin yake tambaya ke nan. Muna da su burjik. 'Yan jami'a suna da yajin aikin malamai na 2022, wata takwas cur ana zaune a gida. Wadda ta bi layin banki a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi tana da labarin da zai cika minti goma ma. Ko zaman kitso, ko jiran lalle ya kama ga ƙaiƙayi a hanci ba hannun sosawa, ko koya wa ƙaninki ɗaure igiyar takalmi. Mai jarrabawa ba girman wahalarki yake aunawa ba, bakinki yake saurare.

Ƙanwata dai ta koma kan wata tsohuwa da ta yi jinya a asibiti lokacin suna sanin makamar aiki, wadda ta rantse ba za ta sha magani ba sai ɗanta ya zo daga Legas. Kwana uku tana lallashinta, tana zama kusa da ita suna hirar jikoki, har ranar da tsohuwar ta miƙo hannu da kanta. Abin dariya, a Turanci majinyaci patient ne, mai haƙuri ma patient ne, don tushensu ɗaya a harshen Latin, daga kalmar da ke nufin shan wahala. Sai ta buɗe da cewa, "I had to be patient with a patient," muka yi ta dariya har Umma ta leƙo. Ku lura da with ɗin nan, da shi ake haƙuri da mutum, jira kuma wait for ne. Kuma kar ki ce I am patience, sai dai in sunanki ke nan.

Inda aka fi zubar da maki a irin wannan kati shi ne lokacin aiki, kuma da dalili. A Hausa aikatau ba ya nuna lokaci, wakilin suna ne yake ɗauke da shi: na jira, ina jira, zan jira, jira yana nan yadda yake. Turanci kuwa a jikin aikatau yake sa alamar, wait ya koma waited, go ya koma went. Shi ya sa za ki ji yarinya ta fara daidai, jimla biyu uku, da labari ya yi daɗi sai ta zame ta koma she refuse, I sit, I tell her, kamar yanzu abin yake faruwa. A takarda ba za ta yi wannan ba, baki ne bai saba ba. Dabarar da muka yi, a cikin minti ɗayan nan na shiri ba ta rubuta jimla ko ɗaya, aikatau kawai take jerawa a siffar da ta wuce, refused, sat, talked, took, felt, sai su zame mata duwatsun tsallaka rafi.

Sai kuma harafin farko na kalmar kanta. Mu Hausawa ba mu raba p da f ba, da leɓɓa biyu muke yin namu, shi ya sa patience yake fitowa kamar ana batun fashi. Ki ɗauki 'yar takarda ki riƙe a gaban bakinki. In za ki ce p ki rufe leɓɓa ruf sannan ki sake su, takardar za ta yi tsalle. In f ce, haƙoran sama ne suke hawa leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. Ki yi ta yi a gaban madubi ko da ƙannenki za su ce kin zautu. Amma kar ki wahalar da kanki wai sai kin yi magana ta hanci kamar 'yar Landan, ba a neman wannan, a gane abin da kika faɗa ba da wahala ba shi ne magana.

Ni a ganina ma duk waɗannan masu sauƙi ne a kan kunya. An tarbiyyantar da mu cewa in babba yana magana a dubi ƙasa, a amsa da to ko a'a. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a ɗakin nan in aka ce miki ke mai haƙuri ce, kika ce yes kika ja baki, kin bar mai jarrabawa ba abin da zai auna. Sai kin ƙara da dalili da misali, ki ce ina da haƙuri da yara amma ba ni da shi a layin mai, ga abin da ya sa. In kalma ta ɓace miki ki zagaya ta wata hanyar, ko ki ce let me think ki ci gaba. In kuma aka katse ki a minti biyu, ba laifi kika yi ba, lokaci ne ya cika. Abu ɗaya da zan gargaɗe ku a kai shi ne hadda. Amsoshi sun cika intanet, wasu ma sayar da su suke yi, sai yarinya ta haddace labarin wata 'yar Indiya ta je tana rerawa kamar tilawa. Masu jarrabawar an horar da su a kan gane wannan, da an jefo tambaya ɗaya ta gefe sai asiri ya tonu.

Kashi na uku shi ya fi ba ni sha'awa, don a nan ake barin labarinki a koma kan jama'a. Shin mutanen yanzu sun kai na da haƙuri? Wayar hannu ta rage mana shi? Ko akwai inda haƙuri yake zama illa? Da na yi wa ƙanwata wannan ta ƙarshen sai ta dubi ƙofa tukuna, sannan ta ce e, akwai, ta ga matan da ake kawowa asibiti bayan sun kwana biyu suna naƙuda a gida ana ce musu su daure. Ta yi bayani tiryan-tiryan, har da however, ba ta tsaya ba sai da na ɗaga hannu. Ra'ayinki naki ne, ba a ba shi maki, ko kin ce mahaƙurci mawadaci ko kin ce wani haƙurin cuta ne, yadda kika kare maganarki ake dubawa. In za ki kawo karin magana irin na mai haƙuri shi kan dafa dutse, ki fara da cewa a harshenmu muna da wata magana, sannan ki fassara ma'anarta, in ba haka ba baiwar Allah za ta zaci da gaske duwatsu muke dafawa.

Wadda ba ta da abokin gwaji ta ɗauki muryarta a waya ta saurara, da kunnenta za ta ji inda ta zame. Wadda take da ƙawa kuwa su riƙa karɓa-karɓa, yau ke ce mai tambaya gobe ita. Mu yanzu kati uku muke yi kowane dare, ranar Juma'a mu maimaita waɗanda suka ba ta wuya. Umma ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ita ta karɓi riƙon wayar, in minti biyu ya cika sai ta buga murfin kwano, in kuwa ƙanwata ta yi shiru kafin lokaci sai ka ji ta ce, "Ke, ci gaba mana, kuɗin adashena ne."