Shekarun Kundi: Rayuwar Masu Neman Digiri na Uku a Wata Jami'ar Arewa

Digiri na uku shi ne matakin ƙarshe na karatun jami'a. A tsangayoyin da ake nazarin tarihi, harshe da adabi, addini, siyasa, tattalin arziki da zamantakewar al'umma, kusan dukan nauyinsa yana kan abu guda ne, wato kundin da ɗalibi zai rubuta ya kuma kare a gaban masana. A ƙa'ida, shekara uku ce mafi ƙaranci ga wanda ya ba karatun dukan lokacinsa. A zahiri kuwa, a wata jami'ar gwamnati ta arewacin Najeriya wadda ba ta bambanta da takwarorinta sosai ba, wanda ya gama a shekara biyar ko shida ba a ce masa ya makara.

Dalilin haka yana cikin irin mutanen da ke wannan karatu. Yawancinsu ba yara ba ne. Akwai malaman sashen kansa, waɗanda ba za su kai matsayin babban malami ba sai da wannan digiri. Akwai malaman kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, da ma'aikatan gwamnati, da matan aure da ke tasowa daga wata jiha tun asuba su bar yara wurin kaka. Ƙaramin malami zai koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai da safe, ya duba takardun jarrabawa da rana, ya kuma riƙe aikin tattara sakamakon sashe. Nasa karatun sai dare, idan an kawo wuta ko kwamfuta na da sauran caji.

Bayan an ba ɗalibi gurbi a makarantar karatun gaba da digirin farko, akan yi darussa na ɗan lokaci a kan dabarun bincike da ra'o'i, sannan sashe ya haɗa shi da malaman da za su duba aikinsa, galibi biyu ko uku. Zaɓen batu kan ci watanni. Ɗalibi ya kawo take, malami ya ce an riga an yi shi a wata jami'a. Ya kawo wani, a ce ya yi faɗi, ba zai ɗauku ba. Idan an daidaita, sai rubuta tsarin bincike, wanda kowa a sashen ke kira furofozal: shimfiɗa, dalilin bincike, manufarsa, farfajiyarsa, bitar ayyukan da suka gabata, da hanyoyin da za a bi a tattara bayanai.

Ranar kare furofozal rana ce da ba a mantawa. Ana taruwa a ɗakin taron sashe, farfesoshi a gaba, ƙananan malamai a bayansu, sauran ɗalibai a jikin bango suna rubuta tambayoyin da suka san gobe su ma za a yi musu. Mai gabatarwa yana tsaye, an ba shi 'yan mintoci, kwafen aikinsa na hannun kowa cike da jan biro. Tambayoyi biyu ba sa wuce kowa: wane giɓi aikin zai cike, kuma a kan wane ra'i aka ɗora shi. Ta farko tana da amfani ƙwarai, domin ita ke raba mai bincike da mai tattara abin da wasu suka faɗa. Ta biyu kuwa takan zama al'ada kawai, inda ɗalibi zai ɗauko sunan wani ra'i da aka gina a Turai ko Amurka ya ajiye a babi na uku, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa har ƙarshen kundin. Masu duba aiki na kirki sukan matsa wa ɗalibi ya nuna yadda ra'in ya taimaka masa ya fahimci abin da ya gani, ko kuma inda abin da ya gani ya ƙaryata ra'in.

Fita fili ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne ake gane wanda zai zama masani. Ɗalibin tarihi yakan nufi Kaduna, inda Ma'ajiyar Kayan Tarihi ta Ƙasa ke riƙe da fayilolin zamanin Turawa, waɗanda aka kasa bisa larduna, irin su Kano, Sakkwato, Zariya da Katsina. A ciki akwai rahotannin ƙiyasin haraji da joji-joji suka rubuta gunduma-gunduma, ɗauke da yawan mutane, dabbobi, sana'o'i da asalin sarautu. Takarda ta tsufa, wata na karyewa a hannu, kuma wanda ya rubuta ta baƙo ne mai tasa manufar, don haka ba a karɓar maganarsa sai an auna. Akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Yamai ga mai bin sawun rubuce-rubucen Larabci da ajami. Da yawa daga cikin irin waɗannan rubuce-rubuce ma ba su taɓa shiga wata ma'ajiya ba. Suna cikin gafaka a zaurukan malamai, kuma magada ba sa buɗe su ga wanda ba su yarda da shi ba.

Hira da mutane tana da nata ladabin da ba a koyarwa a aji. Ba a faɗa wa gari kai tsaye; sai an bi ta hannun hakimi ko dagaci, shi ya haɗa baƙo da mai unguwa, mai unguwa ya kai shi wurin dattijon da ake nema. Zuwan farko na gaisuwa ne, da ɗan goro. Tsohon maƙeri ko makaɗin fada da aka kunna wa rakoda a ranar farko zai ba da labarin da kowa ya sani ne kawai. Sai ya saba da fuskar mai tambaya, ya ji ɗan gidan wane ne, sannan zai ce, "Yaro, matso kusa," ya faɗi abin da ba ya cikin kowane littafi. Mace mai bincike tana da wata dama da namiji ba shi da ita, domin tana shiga cikin gida ta zauna da tsofaffin mata, ta ji waƙoƙin daka da tarihin aure da gado daga bakin masu abin. Masu nazarin zamantakewa da siyasa su kuma suna yawo da takardun tambayoyi da tattaunawar rukuni, kafin su koma kan kwamfuta da lissafi. Rashin tsaro a sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato da Borno ya sa wasu sun taƙaita farfajiyar bincikensu zuwa cikin birane, wasu kuma suna bin mutanen ƙauyen da suke nazari zuwa inda suka yi gudun hijira.

Wannan hanya tana da magabata. Murray Last ya yi digirinsa a Ibadan, ya zauna a Sakkwato yana karanta takardun gidan Waziri, aikin ya fito littafi a 1967. Yusufu Bala Usman ya rubuta kundinsa kan tarihin Katsina a Jami'ar Ahmadu Bello, ya taka ƙauyuka yana jin ta bakin mutane. Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala nasa kan Mamman Shata a Indiyana ta Amurka a 1975. Daga baya sassan Hausa suka fara karɓar kundi da Hausa tun daga tsakure har manazarta, abin da ya tilasta ƙirƙiro kalmomin fannu masu yawa. A sauran sassa Ingilishi ake rubutawa, don haka ɗalibi ke ɗauke da wahalar juya maganar dattijo zuwa harshen da ba a yi ta da shi ba, kuma sau da yawa ɗanɗanonta kan zube a hanya.

Kuɗi da lokaci su ne manyan cikas. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin wasu malaman makarantun gwamnati, amma sauran daga albashi suke cire kuɗin makaranta, na mota, na masauki da na buga takardu. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kuma duk tsawon lokacin ba seminar da ake zama. Ga kuma jiran malami. Farfesa ɗaya na iya riƙe ɗalibai da dama a digiri na biyu da na uku, ga koyarwa, ga kwamitoci, ga zuwa wasu jami'o'i jarrabawa. Babi yakan kwana watanni a kan tebur, ɗalibi kuwa ba ya iya cewa komai illa, "Ranka ya daɗe, na zo gaisuwa ne." Duk da haka akwai malaman da ke karanta kowane layi, su ara wa ɗalibi littattafan ɗakinsu, su kira shi da kansu idan ya ɓace. Sunayen irin waɗannan suna yawo a bakin ɗalibai, kowa na addu'ar a haɗa shi da su.

Idan rubutu ya kammala, akwai seminar ta cikin gida, da tace kundin a manhajar gano satar fasaha, da sharaɗin buga maƙala a mujallar ilimi da jami'o'i da yawa suka sanya. Sannan a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a. Zaman na sirri ne: shi, da mai jarrabawa na cikin gida, da shugaban sashe, da wakilin makarantar gaba da digiri, da masu duba aikin. Akan ɗauki sa'o'i ana bin kundin shafi-shafi, a fitar da ɗalibi waje a yi shawara, a dawo da shi a faɗa masa hukunci. Mafi yawa suna cin nasara ne bisa sharaɗin gyare-gyare. Tun a bakin ƙofa abokai ke fara kiransa Dakta, ko da yake digirin bai tabbata ba sai majalisar dattawan jami'a ta amince.

Daga nan a ɗinke kundin da bango mai ƙarfi, a kai kwafe ɗakin karatu, da sashe, da makarantar gaba da digiri. Kaɗan ne ke zama littafi, duk da cewa TETFund na da shirin tallafa wa buga irin waɗannan ayyuka, kuma ba kowace jami'a ce ta ɗora kundayenta a intanet ba. Saboda haka ɗalibin wata jami'a kan yi doguwar tafiya don kawai ya karanta babi biyu. Asarar da ta fi wannan ita ce ta muryoyin da aka naɗa a fili. Ba kasafai sashe ke neman a ajiye masa su ba, sai su zauna a kaset ko a wayar mai bincike har su lalace, alhali da yawa daga cikin dattawan da suka yi maganar sun riga mu gidan gaskiya.