Tudun Mambila: Saniya Na Da Araha, Hanya Ce Mai Tsada

Zuwa ga fatake da dillalan shanu. Yau za mu ba ku labarin Tudun Mambila, can kudu maso gabashin Jihar Taraba, iyaka da Kamaru. Ƙasar ta shigo Nijeriya ne da ƙuri'ar 1961, Gembu ce hedikwatarta, a Ƙaramar Hukumar Sardauna.

Tudu ne mai tsawo wajen mita 1,600, ga sanyi, ga hazon safe, ga ciyawa shar har iyakar ganin ido. Abin da ya ja Fulani can shi ne babu ƙudan tsando a saman, don haka sammore ba ya damun dabba. Jajayen shanu da gudali suna kwana a fili, suna ƙiba ba dusa ba ƙuli.

To, amma fa hanya. Daga Jalingo sai Bali, sai Serti, sai Mayo Selbe a gindin dutse. Nan hawa ke farawa, kwana bayan kwana, dutse a hannu guda, rami a ɗaya, har a kai Maisamari, a wuce Nguroje, a isa Gembu. Mota mai lodin shanu saukowa take yi a hankali da babban giya, kuma direban da bai san birkinsa ba kada ku ba shi dukiyarku ko da ya rage kuɗi.

Wannan ma mai kwalta ke nan. Wadda ta ratse zuwa Mayo Ndaga da rugage jar ƙasa ce. Ruwa na sauka tun wajen Afrilu har Oktoba, laka ta kama taya, sai tsohuwar Land Rover da babur ke shiga. Bajimin da aka saya can ciki sai an koro shi da ƙafa zuwa bakin titi, kuma ladan mai kora a wuyan mai saye yake.

Shawararmu, in an faɗa muku farashin kan tudu, kada araha ta ruɗe ku. Ku ɗora kuɗin kora, da na mota, da la'ada, da ramar da dabba za ta yi a hanya, sa'an nan ku taya. Kada kuma ku bar shanun tudu su daɗe a kwari, ba su saba da tsando da zafi ba. Mai son sauƙin hanya ya jira rani, daga Disamba.