Yadda ƙazanta ke komawa cikin bututun famfo idan aka ɗauke ruwa

A Kafanchan da Zonkwa, da Saminaka mai maƙwabtaka da Kauru, ba kullum ruwan famfo ke zuwa ba. Galibi ana ganin rashin ruwan shi ne kaɗai illar ɗaukewarsa, alhali akwai wata illar da ido ba ya gani.

Muddin bututu na cike da ruwa mai ƙarfi, ko ya tsage, waje ruwan ke fita. Da zarar an kashe injin matatar ruwa, ko babban bututu ya fashe, sai ƙarfin ya faɗi, ruwan ciki ya gangara unguwannin da ke kwari, bututun kuma ya shiga zuƙo duk abin da ke bakinsa. Tiyon da aka bari a nitse cikin duro ko bahon wanki, da bututu mai yoyo da ya ratsa kwata, duk ƙofofi ne. Idan ruwa ya dawo, ƙazantar gida ɗaya sai ta bi layi zuwa gidajen maƙwabta.

Abin ya fi muni a gidan da aka haɗa rijiyar burtsatse da layin Hukumar Ruwa ta Jihar Kaduna a bututu guda, ko aka maƙala injin jan ruwa kai tsaye a jikin layin. Mai gidan na ganin dabara ya yi, amma unguwa ce ke ɗaukar haɗarin.

Irin wannan kuskuren haɗa bututu a otal-otal ya haddasa annobar atuni a birnin Chicago na Amurka a 1933, inda kusan mutum 100 suka mutu. A Najeriya kuwa, inda kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a 2021, gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar yaɗuwar cutar.

Rigakafin ba shi da tsada. A bar tazara tsakanin bakin famfo da saman ruwan da ke cikin tanki ko duro, domin ruwa ba ya tsallake iska ya koma baya. A raba bututun burtsatse da na hukuma, a kuma sa mai gyaran famfo ya ɗaura bawul mai hana ruwa komawa a inda layin ya shigo gida. Ruwan farko bayan ɗaukewa, a bar shi ya zuba na ɗan lokaci, wanda za a sha kuma a tafasa shi.