Tsohon Bahaushe a gidan tsofaffi na Ingila

Gidan kula da tsofaffi baƙon abu ne a ƙasar Hausa, inda ɗa ko jika ke jinyar tsoho har rai ya yi halinsa. A Ingila kuwa, inda kowa ke sammakon fita aiki, wasu iyalan Hausawa kan kai mahaifi irin wannan gida idan jinya ta fi ƙarfinsu, musamman in shanyewar ɓarin jiki ko ruɗewar tsufa ta shigo. Hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, ita ke duba gidajen tana ba su maki.

Jin daɗin tsohon ya dogara ne kacokan ga yadda aka tsara ma'aikata. Inda suka yi kaɗan, a gurguje ake wanka da ciyarwa, babu mai tsayawa taya shi alwala. Gidan da ke cike giɓi da ma'aikatan haya kuma, kullum sabuwar fuska ce, sai an sake yi mata bayanin cewa Baba ba ya cin naman da ba yankan Musulmi ba, Hajiya ba ta yarda namiji ya yi mata wanka. Harshe ya fi duka wuya. Mai ruɗewar tsufa yakan manta Turancin da ya koya da girma, ya koma ga harshen da ya sha a nono, har a ɗauka rigima yake alhali ruwa yake nema.

A nan ne kudancin birnin Kaduna ya shigo. A Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha, Hausa ce harshen kasuwa tsakanin Bajju, Atyap, Gbagyi da sauransu, ga kuma makarantar koyon jinya ta asibitin St. Gerard's a Kakuri. Ma'aikaciyar da ta tashi a waɗannan unguwanni, ko da Kirista ce, “Sannu Baba, ya jiki?” ɗinta kan sa dattijon da ya ƙi abinci ya buɗe baki.

Sai dai hanyar zuwan irinta Ingila ta ƙuntata. Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi a Fabrairun 2022, 'yan Najeriya suka yi tururuwa. A Maris 2024 ta hana su tafiya da iyali, sannan a Yulin 2025 ta rufe ɗaukar sababbi daga ƙetare.