Sabon babur na doguwar tafiya: abin da na koya tsakanin Maraɗi da Damagaram

A hutun makaranta da ya wuce yayana, ɗan wan mahaifina, ya kira ni ya ce in zo da gaggawa. Ina zuwa na tarar da yaran unguwa sun yi dafifi a ƙofar gida, sun kewaye wani ƙaton babur, Honda Gold Wing, sabo fil a leda. Ya miƙo mini littafinsa ya ce: "Malam, kai ka yi boko. Karanta mana, gobe za mu Damagaram."

Ban karanta ba. Na ɗauka babur babur ne, tunda nawa ƙarami mai 125 kullum ina kansa zuwa lakwal. Kuskurena na farko ke nan.

Kamfanin Honda na Japan ya fara fitar da Gold Wing a 1975, a 2018 kuma aka sake masa fasali. Injinsa mai silinda 6 ne, cc 1833, nauyinsa ya doshi kilo 400, amma tsakanin cikinsa da ƙasa santimita 13 ne kawai. Yana da lasifika gaba da baya, da akwatuna uku na kaya.

Mun tashi bayan asuba, ni a baya, akwatuna cike taf da tsaraba. Tun kafin Cadawa na ji wani abu ba daidai ba. Duk kunyar rage gudu da muka taka sai bayan babur ya nutse, cikinsa ya daki kwalta. Kan kuma ya yi sakayau a hannun Yaya, fitila tana haska sama. Ga karatun Alƙur'ani da ya ƙure wa sauti, saboda iska tana cinye muryar. Kusa da Gazawa wata babbar mota ta yi ta danna mana oda daga baya, ba wanda ya ji. Sai iskarta muka ji ta ture mu gefen hanya. Allah ne ya tsare.

A Tasawa na ce: "Yaya, don girman Allah mu tsaya." Muka samu inuwa, na buɗe littafin da na raina.

Ashe shokazobar baya, wadda makanikanmu ke kira amortisar, tana da saiti huɗu a allon babur: mutum ɗaya, mutum ɗaya da kaya, mutum biyu, sai mutum biyu da kaya. Mu kuwa ƙarti biyu da lodi muna tafe a kan saitin mutum ɗaya! Wannan saiti ba ya sauya ƙarfin sifirin ɗin kansa, matse shi yake yi tun farko don bayan babur ya tashi ya koma tsayin da ya dace. Abin da masana babur ke nema shi ne, idan an hau, ya nutse da kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar motsinsa. In ya wuce haka, rami kaɗan sai ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, nauyi kuma ya bar tayar gaba. A tsaye ake sauya shi, ba ana gudu ba. Ina latsawa muka ji baya ya ɗago a hankali.

Sai sauti. Iska da rugugin taya suna haɗiye kaurin murya, don haka ƙara shi wahalar banza ce. Na rage kaurin, na ɗan ƙara kaifi, na raba sautin daidai tsakanin gaba da baya. Na kuma kunna saitin da ke ɗaga murya idan gudu ya ƙaru, ya sauke ta idan an shigo gari. Da muka ɗaga gilashin gaba, wanda maɓalli ke motsawa, iska ta ragu, sai ga karatu yana fita tangaran da rabin ƙarar da. Ƙa'idar da muka kafa: in ba ka jin odar na bayanka, sautinka ya yi yawa.

Daga Tasawa zuwa Takeita har Damagaram kamar an sauya mana babur. Yaya ya yi dariya ya ce: "Ashe bokon naka na da rana."

Da na dawo gida na duƙa na duba nawa. Irin shokazobar ƙananan babura galibi tana da matakai biyar a gindin sifirin, ana juyawa da ɗan sifana. Shekara uku ina goya maiɗakina da buhun hatsi a kan mataki mafi laushi, ina zagin hanya. Na matsar da ɓangarorin biyu daidai wa daida, domin in suka bambanta babur zai riƙa karkata.

Ɗan'uwa, ko naka na miliyoyi ne ko na kabu-kabu, kafin doguwar tafiya duba iskar taya tun tana sanyi, daidaita baya da nauyin da za ka ɗauka, kada ka wuce iyakar lodin da aka rubuta, ka sa hular kwano, ka bar wa kunnenka hanya. Kullum ina ce wa ɗalibaina su karanta tambaya kafin su amsa. Ni malamin sai da na kusa barin ƴaƴana marayu kafin na karanta.